Na'ura ta riƙe littafi, mutane su riƙe hukunci

Duk wanda yake cikin wata ƙungiya a Kaduna, ta tsofaffin ɗalibai ce, ko ta 'yan layi ɗaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ta matasan da ke haɗa gasar ƙwallo a unguwa, ya san yadda ake gyara doka a yanzu. Ba a jiran taron ƙarshen wata. Wani ne zai rubuto a zauren WhatsApp da sha ɗayan dare cewa kuɗin wata ya yi kaɗan, a mai da shi dubu biyu. Mutum bakwai su ɗaga babban yatsa, biyu su aiko da saƙon murya mai tsawon da ba kowa zai iya saurara ba, wani ya jefo katin ɗaurin aure, maganar ta nutse. Bayan wata shida ma'aji ya zo karɓar dubu biyu, rabin jama'a su ce su dai ba su san lokacin da aka zartar da wannan ba. A nemi sakatare, ya ce ya canja waya, tsofaffin saƙonni sun tafi. Daga nan sai rantse-rantse, sai wane ya fita daga zaure, sai a buɗe sabon zaure ba tare da su wane ba. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke mutuwa alhali babu wanda ya ci ko kwabo.

Akwai wasu mutane a duniya da suka mai da irin wannan rikici abin nishaɗi, kuma sun daɗe suna yinsa har abin da suka gano ya cancanci a duba. Wasan nasu sunansa Nomic. Wani malamin falsafa ɗan Amurka, Peter Suber, wanda ya kuma karanci shari'a, shi ya ƙirƙiro shi. An fara buga shi a mujallar Scientific American a watan Yunin 1982 a shafin Douglas Hofstadter, daga baya Suber ya sa shi cikin littafinsa na 1990 da ke tambayar ko doka za ta iya gyara kanta da kanta. Dara da ludo da kati duk suna da ƙa'idar da ake daidaitawa a kai kafin a fara, ko da ta bambanta daga wannan majalisa zuwa waccan. A Nomic kuwa sauya ƙa'idar shi ne wasan. Ana farawa da dokoki 29, guda 16 masu lamba 101 zuwa 116 waɗanda ba a taɓa su kai tsaye, da guda 13 masu lamba 201 zuwa 213 waɗanda ake iya gyarawa. Idan layi ya zo kanka sai ka kawo ƙudurin gyara, a jefa ƙuri'a, ka jefa ɗan ludo ka ƙara makinka. Wanda aka kayar da ƙudurinsa ya yi asarar maki 10, wanda ya fara kai maki 100 ya ci. Amma ko wannan ɗarin ana iya sauya ta, kuma su ma dokokin nan 16 ana iya sauko da su rukunin masu gyaruwa idan kowa da kowa ya yarda. Wanda ya san sashe na 9 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 zai gane tsarin nan da nan: gyaran galibin sassa na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, amma taɓa shi kansa sashe na 9, ko babin haƙƙin ɗan Adam, sai da kashi huɗu cikin biyar.

Idan mutum huɗu ne a kan tabarma, takarda da biro sun wadatar. Da wasan ya koma intanet, 'yan wasa suka watsu a nahiyoyi daban-daban, wasa ɗaya ya riƙa ɗaukar shekaru, sai ainihin matsalar ta fito. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne Agora, wanda aka fara ranar 30 ga Yunin 1993, ya kuma haura shekara talatin ana bugawa, da ƙudurori dubbai da shari'u dubbai a bayansa. Abin da ya riƙe shi aikin ofis ne, irin wanda kowa ke gudu. Akwai mai riƙe kundin dokoki, wanda ke fitar da gajeren kundi a kai a kai, da kuma cikakke wanda a ƙarƙashin kowace doka aka rubuta tarihinta: ƙuduri mai lamba kaza ne ya haife ta, mai lamba kaza ya gyara ta, a rana kaza. Akwai mai tattara ƙudurori ya sa musu lamba ya rarraba. Akwai mai ƙirga ƙuri'a ya sanar da sakamako. Akwai mai rajistar 'yan wasa, da mai raba shari'u ga alƙalai, waɗanda su ma daga cikin 'yan wasan ake ɗauko su. Idan mai ofis ya yi sakaci har wa'adi ya wuce, doka ta ba wani damar ya tashi ya yi aikin a madadinsa. Da yawa daga masu ofisoshin nan sun rubuta ƙananan manhajoji da ke yi musu lissafi da tsara rahoto, amma abin da wasan ya sani shi ne rahoton da mutum ya fitar da sunansa, kuma shi za a tuhuma idan an sami kuskure.

A ganina sun raba aikin daidai, kuma rabon da ƙungiyoyinmu ke buƙata ke nan. A duk inda doka ke sauyawa, a miƙa wa na'ura duk aikin da yake ƙirge ne da ajiya da lura da lokaci, a hana ta duk aikin da yake fassara ne da yanke hukunci, sannan a rubuta cikin dokar cewa idan na'ura da rubutacciyar doka suka saɓa, doka ce a gaba.

Dalilin miƙa mata ajiya shi ne ƙarfin da ke hannun mai riƙe littafi ya fi yadda ake zato. Muna kallon shugaba da ma'aji, muna mantawa da mutumin da ke komawa gida da takardar ya sake kwafe ta. Najeriya ta ga haka a sama. A ƙarshen 2001, bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu kan Dokar Zaɓe, 'yan majalisar tarayya suka tashi suna cewa akwai wani sharaɗi a sashe na 80 da ke tauye sababbin jam'iyyu wanda ba ya cikin abin da suka zartar. Lokacin Ghali Umar Na'Abba ne Kakakin Majalisar Wakilai, Anyim Pius Anyim kuma Shugaban Majalisar Dattawa, aka yi ta nuna wa juna yatsa kan inda aka cusa shi. Shekara ashirin da huɗu bayan haka, a Disambar 2025, ɗan majalisa daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ya ce dokokin haraji da aka buga a jaridar gwamnati sun bambanta da waɗanda majalisa ta amince da su. Ko wace ce gaskiyar kowane ɗaya daga cikin waɗannan, tambayar iri ɗaya ce da ta zauren tsofaffin ɗalibai: me aka zartar, kuma wa zai iya nunawa? Ƙasa mai akawun majalisa da dokar tantance kwafi da maɗaba'ar gwamnati ta yi tuntuɓe a nan, balle ƙungiyar da kundinta ke cikin wayar mutum ɗaya.

Wannan kuwa aiki ne da kwamfuta ta fi mutum iyawa nesa ba kusa ba, kuma ba ya buƙatar wata manhaja mai tsada. Kundi guda ɗaya a wuri guda, wanda kowane mamba zai iya buɗewa ya karanta amma ba kowa ke iya taɓawa ba, mai ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. Ko Google Docs na kyauta yana yin wannan. Kowane ƙuduri da lambarsa, rubuce da ainihin kalmomin da za a cire da waɗanda za a sa, domin "a ƙara kuɗin wata" ba ƙuduri ba ne sai an faɗi nawa, daga yaushe, kuma wa ya shafa. Ranar buɗe ƙuri'a da ranar rufewa, waɗanda agogo ke yankewa ba tare da duba fuskar kowa ba. Jerin waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a a ranar da aka buɗe, kada a wayi gari an ƙaro 'yan'uwan wani goma cikin zaure ana gobe rufewa. Sai ƙirge. Ma'aji na iya jin nauyin gaya wa Alhaji cewa ƙuri'arsa ta zo bayan an rufe, manhaja ba ta jin nauyin kowa, kuma a wannan wurin rashin kunyarta alheri ne.

Daga nan ne masu ɗoki ke zarcewa. Suna cewa tunda mutum ne ke son kai, me zai hana a miƙa wa na'ura komai, a rubuta dokar kanta da harshen kwamfuta ta riƙa zartar da kanta, a huta da alƙali da sakatare? An gwada. A cikin masu wasan Nomic ma akwai waɗanda suka kafa wasannin da dokokinsu manhaja ce zalla, duk abin da manhajar ta yarda da shi ya halatta. Amma gwajin da ya fi tsada an yi shi da kuɗi na gaske. A 2016 wasu suka kafa wata ƙungiyar zuba jari a kan tsarin kuɗin intanet na Ethereum, mai suna The DAO, babu shugaba babu manaja, ƙa'idarta ita ce manhajarta, mutane suka zuba abin da ya kai kimanin dala miliyan 150. Ranar 17 ga Yuni wani ya gano wata kafa a cikin rubutun manhajar ya janye kusan kashi ɗaya cikin uku na dukiyar. Bai fasa ƙofa ba, bai saci lambar sirrin kowa ba, abin da manhajar ta ƙyale ya yi. To sata ce ko wayo ne? Na'urar ba ta da amsa, domin a wurinta komai ya tafi daidai. Dole mutane suka zauna suka yi ta muhawara, ranar 20 ga Yuli mafi rinjaye suka sauya tsarin don a mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohon a ƙarƙashin sunan Ethereum Classic. Alƙalin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, kuma ya dawo ba tare da wata ƙa'idar da aka shirya masa ba. Suber ya hango wannan tun 1982, shi ya sa doka ta 212 ta tanadi cewa idan aka yi saɓani, ɗan wasan da ya gabaci mai layi shi ne alƙali, kuma ba a soke hukuncinsa sai sauran duka sun haɗu a kai.

Ba sai mun je nesa ba wajen ganin inda iyakar take. A Lugard Hall da ke nan Kaduna, ranar 23 ga Yunin 1981, majalisar jiha da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige Gwamna Abdulkadir Balarabe Musa na PRP, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya, kuma kotuna suka ce sashe na 170 na kundin 1979 ya hana su sa baki. A Janairun 2006 kuma 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja na jihar Oyo, bayan sun yi zamansu a wani otal a Ibadan, kuma a Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tsigewar ba ta yi ba, ya koma kujerarsa. Maganar Ladoja akwai ƙirge a cikinta, domin 18 ba ta kai kashi biyu cikin uku na 32 ba, kuma ko kalkuleta ta mai shago za ta faɗi haka cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ya ɗauki wata goma sha ɗaya a kotu da na'ura ta gama shi kafin a tashi daga zama. Amma abin da har yau 'yan Kaduna ke gardama a kai game da Balarabe Musa shi ne ko abin da aka zarge shi da shi ya kai babban laifin da kundin ke nufi, ko kuwa rinjaye ne kawai ya sami makami. Babu manhajar da za a rubuta ta amsa wannan. Duk wanda ya ce ya rubuta ta, ra'ayinsa ne ya ɓoye a ciki, kuma ra'ayin da ya ɓuya cikin manhaja ya fi na alƙali haɗari, tunda alƙali ana ganinsa, ana iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Jihar nan ma ta yi nata gwajin na miƙa wa na'ura ƙirge. A zaɓen ƙananan hukumomi na 12 ga Mayun 2018 hukumar zaɓen jiha ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a, karo na farko a Najeriya, ta sake a ranar 4 ga Satumban 2021. A karo na biyun jam'iyyar gwamna mai ci, Nasir El-Rufai, ta faɗi a rumfarsa ta Unguwar Sarki, abin da ba a saba gani ba a zaɓen da hukumar jiha ke shiryawa. An kuma yi ƙorafe-ƙorafe, an fasa wasu na'urorin, an yi awon gaba da wasu. Zuwa zaɓen Oktoban 2024 an koma takarda. Mutum na iya jin takaicin wannan komawa, ni ma ina ganin asara ce, amma ta nuna abu guda a fili: na'ura tana aiki ne muddin masu ikon gyara doka sun bar ta. Haka Kotun Ƙoli ta nuna ranar 26 ga Oktoban 2023 game da IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe ta ƙasa, cewa gazawar ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kansa ba ta rushe zaɓen ba, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta wajabta hakan ba. Jama'a sun dogara da na'urar, doka kuwa ba ta ba ta matsayin da suka ɗauka tana da shi ba. Ƙungiyar da za ta yi zaɓe ko gyaran doka ta waya, ta fara rubuta matsayin wayar a cikin kundinta: wace ƙuri'a ce karɓaɓɓiya, me za a yi idan sabis ya ɗauke ranar rufewa, wa ke da ikon ƙara lokaci.

Akwai masu suka daga ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsu ta fi ta masu ɗoki ƙarfi. Suna cewa manhaja tana son abin da ya tsaya cik, alhali a nan dokar ce ke motsi. Yau an ce rinjaye mai sauƙi ya isa, gobe an mai da shi kashi biyu cikin uku, jibi an ce wanda bai biya kuɗin wata uku ba ba ya da ƙuri'a. Duk gyara ɗaya sai an nemo yaron da ya haɗa manhajar ya sake taɓa ta, idan kuma ya tafi hidimar ƙasa ko ya yi fushi, sai ta ci gaba da ƙirge da tsohuwar doka ba wanda ya lura. Mafi muni, mutane su fara ƙin kawo gyara mai kyau saboda "manhaja ba za ta ɗauka ba", wato bawa ya koma yana gindaya wa ubangidansa sharaɗi. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa ba komawa littafi da biro ba ne, tunda shi ma sakatare na iya ƙirge da tsohuwar doka. 'Yan Agora suna da dabarar da ta dace da mu. Wasu rahotannin, kamar sakamakon ƙuri'a, idan aka fitar da su a bainar jama'a aka yi kwana bakwai ba wanda ya ce akwai kuskure, sun zauna ke nan, ko da daga baya an gano an yi tuntuɓe a lissafi. Idan kuwa wani ya yi magana cikin wa'adin, dole mai ofis ya gyara ko ya kare kansa, in ta ƙi a kai gaban alƙali. Da wannan, kuskuren na'ura yana da ƙofar gyara, kuma ba a barin wani ya tono kuskuren shekara uku da suka wuce ya rushe duk abin da aka gina a kai. Suna kuma da wata doka da ke cewa duk sauyin da zai sa gyaran dokoki ya gagara cikin mako huɗu, sauyin bai auku ba. Ƙungiyar da ta taɓa sa sharaɗin halartar kashi biyu cikin uku na mambobi, sannan rabin mambobin suka bar gari, ta san amfanin irin wannan tanadi.

Sauran abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ke riƙe da lambar sirri. A zauren WhatsApp, adimin na iya goge saƙon kowa, ya cire mutum, ya rufe bakin kowa ya bar nasa, kuma mafi yawan kundin ƙungiyoyinmu ba su ma san da wannan muƙami ba. Suna da shugaba da mataimaki da ma'aji da mai binciken kuɗi, amma wanda ya fi su duka iko shi ne wanda ya buɗe zauren shekara biyar da suka wuce, ba zaɓensa aka yi ba, ba kuma hanyar sauke shi. Duk ƙungiyar da ta koma gudanar da al'amuranta ta waya ya kamata ta sa wannan muƙami cikin kundi, da wa'adi, da hanyar tsigewa, a kuma raba mabuɗin tsakanin mutum biyu ko uku waɗanda ba a gida ɗaya suke kwana ba. Mai riƙe kundi kada ya zama shi ne mai ƙirga ƙuri'a, kuma duk cikinsu kada wanda ya zauna a kwamitin sasanta saɓani.

Za a ce duk wannan wahala ce a kan ƙungiyar mutum arba'in da kuɗin wata dubu biyu, ga tsadar data, ga rashin wuta, ga dattawan da ba sa karatun boko. Maganar dattawa abin dubawa ce, kuma amsarta tana hannu: duk ƙudurin da aka sa wa lamba a karanta shi da Hausa a saƙon murya ɗaya, a bar wanda ba ya iya latsawa ya faɗa wa mai ƙirge ƙuri'arsa a gaban shaida, a buga kundin a takarda sau ɗaya a shekara a raba. Maganar ƙanƙanta kuwa ba ta karɓu ba. Adashin mata a unguwa ɗaya na iya juya kuɗin da ya fi albashin shekara na ma'aikaci, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna yanke wanda zai sami rumfa da wanda za a ci tara. Matasan unguwa da ke haɗa gasa a waya, suna jayayya kan maki da wanda aka kora da wanda aka yafe wa, su ne za su zama sakatarorin jam'iyya da akawun majalisa nan da shekara ashirin. Wasan Suber ba ya cin ko sisi, mutum biyar da takarda ɗaya sun isa a fara, kuma kafin a kai ƙuduri na goma wani zai ce ba haka aka zartar ba, a juya ana neman wanda ya rubuta.